Kafin a busa usur: Wa ke tsaron ran ɗan ƙwallo a filin atisaye?

Makonni kaɗan da suka wuce, tsakanin azahar da la'asar, hanya ta bi da ni ta gefen wani fili a bayan garin Daura. Rana tana dukan ƙasa irin dukan da ta saba yi a bazara, har kana hango hucin zafi yana tashi daga rairayi. A cikin wannan hali na tarar da samari kimanin ashirin suna zagaye filin da gudu, mai horar da su yana tsaye a inuwar darbejiya da usur a baki. Na tambayi wani mai sayar da fiyawata da ke zaune a wurin, ya ce mini tun kafin azumi rabon yaran da atisaye, yau ce ranarsu ta biyu da dawowa, kuma akwai gasa a gabansu.

Ban gama sauraronsa ba sai na ga ɗaya daga cikinsu ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ya yi taku uku ko huɗu, ya durƙushe. Abin da ya fara fitowa daga bakin mai horarwar shi ne, "Tashi, rago!" Abokansa suka yi dariya suka wuce shi. Mai fiyawatan nan ne ya ruga da ledarsa, muka ja yaron zuwa inuwa, muka cire masa riga, muka yi ta kwarara masa ruwa muna yi masa fifita, har Allah Ya sa ya dawo hayyacinsa. Da na ce wa mai horarwar, "Malam, ai wannan yaron asibiti ya kamata ya tafi," sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, mu ma haka aka horar da mu. Wanda bai faɗi ba ai bai yi atisaye ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san ba shi kaɗai yake da irin wannan tunani ba. Tunani ne da za ka iske a filayen Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, za ka kuma iske shi a manyan jami'o'in Amurka masu asibitocin kansu da likitocin kansu. Bambancin kawai shi ne, su can sun ƙidaya gawawwakinsu, sun shiga kotu, sun sake dokoki. Mu a nan idan yaro ya faɗi bai tashi ba, sai a ce kwana ya ƙare, a yi zaman makoki na kwana uku, a koma fili a ci gaba daga inda aka tsaya.

Bari mu leƙa can ɗin tukuna, tunda an ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Amurka akwai wata ƙwallo da ake rungumewa a hannu ana gudu ana bangazar juna, kuma gasar da jami'o'i ke yi a kanta harka ce ta maƙudan kuɗi. Duk wanda ya kalli wasan zai ɗauka cewa karo da gwara kai su ne ke kashe 'yan wasan. Sai ga shi wani nazari da Scott Anderson, wanda a lokacin shi ne babban jami'in kula da lafiyar 'yan wasa na Jami'ar Oklahoma, ya wallafa a 2017 ya nuna cewa daga shekarar 2000 zuwa 2016 ɗalibai 33 ne suka rasu a wannan wasa, amma 6 kacal ne karo ya yi ajalinsu. Sauran 27 ɗin babu wanda ya taɓa su, kuma galibinsu a wajen atisayen ƙarfafa jiki suka faɗi, lokacin da babu 'yan kallo, babu alƙalin wasa, sai mai horarwa da usur ɗinsa.

Labarin Jordan McNair ya isa misali. Matashi ne ɗan shekara 19 a Jami'ar Maryland. Ranar 29 ga Mayun 2018, a lokacin hutun kakar wasa, aka sa su gudun tsere sau goma a jere. Ya galabaita, ya fara fita hayyacinsa, amma aka ɓata fiye da sa'a guda kafin a kira motar asibiti, kuma ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba. Da aka isa asibiti zafin jikinsa ya kai digiri 41. An yi masa dashen hanta, duk da haka ya rasu ranar 13 ga Yuni. Shugaban jami'ar ya fito ya amsa cewa alhakin yana wuyansu, aka sallami babban kocin a ƙarshen Oktoba, daga baya aka biya iyayensa diyyar Dala miliyan 3.5. Abin da ya fi ciwo shi ne, maganin da zai iya ceton ransa bai wuce baho da ƙanƙara ba.

Abubuwa huɗu ne suka fi kayar da matasa a irin wannan atisaye, kuma dukkansu suna nan a ƙasar Daura, wasu ma sun fi ƙarfi a nan.

Na farko shi ne zafi. Jikin mai gudu tamkar murhu yake, kuma gumi ne hanyar da yake fitar da zafin. A rana mai zafi ɗan wasa yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya zuwa biyu a cikin sa'a guda. Idan ba a mayar da ruwan ba, ko kuma zafin da jiki ke haifarwa ya fi wanda yake fitarwa, sai zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, hanta da ƙoda su fara lalacewa. Alamarsa ita ce tangaɗi da sambatu da faɗa babu dalili da rashin sanin inda ake. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a yankinmu yana wuce digiri 40 tun kafin mutum ya motsa. Damina ma ba ta da tabbas, domin idan iska ta cika da laima gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, kuma a daidai wannan lokaci na Yuli da Agusta ne ƙungiyoyi ke shirin sabuwar kaka, ɗalibai kuma suna dogon hutu.

Na biyu shi ne wanda ya fi shafar mu, wato jinin AS. Kowa ya san masu amosanin jini, wato sikila, masu SS. Amma masu AS lafiyayyu ne, da yawansu ba su ma san suna ɗauke da shi ba sai ranar gwajin aure, kuma a Najeriya kimanin mutum ɗaya ne cikin huɗu ko biyar. Ke nan a cikin samari ashirin ɗin da na gani, ba abin mamaki ba ne a sami huɗu ko biyar. Mai AS yana iya buga ƙwallo har ya yi fice a duniya. Haɗarin yana zuwa ne idan aka tilasta masa gudu mai tsanani babu tsayawa, musamman cikin zafi da ƙishi ko bayan zazzaɓi. A nan ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, tsoka ta rasa jini ta fara mutuwa. Wannan faɗuwar tana iya zuwa cikin mintocin farko na gudu. Yaron yana magana, idonsa biyu, ƙafafunsa ne kawai suka ƙi ɗaukarsa, shi ya sa ake saurin ce masa rago.

Abin da ya sami Ted Agu ke nan, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Ranar 7 ga Fabrairun 2014 aka sa su hawa da sauka a wani tudu suna riƙe da igiya ɗaya, ya yi ta faɗuwa yana tashi har ya faɗi faɗuwar ƙarshe. Jami'ar ta san yana da AS. Ta amsa sakacinta, ta biya Dala miliyan 4.75 a 2016. Kafin shi, rasuwar Dale Lloyd na Jami'ar Rice a 2006 da ƙarar da iyayensa suka shigar su ne suka sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta shigo da gwajin wannan jini ga 'yan wasan babban rukuninta daga 2010. A ƙasar da masu AS 'yan tsiraru ne aka yi wannan doka. Mu da abin yake kusan kowane gida, ƙungiyoyi nawa ne a masarautar nan suka san jinin 'yan wasansu?

Na uku shi ne narkewar tsoka. Idan aka ɗora wa jikin da ya daɗe yana hutu aikin da ya fi ƙarfinsa a rana ɗaya, tsokoki suna farfashewa, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. A Janairun 2011 'yan wasa 13 na Jami'ar Iowa aka kwantar a asibiti lokaci guda, bayan an sa su durƙusa-miƙe sau 100 da nauyi a kafaɗa jim kaɗan da dawowarsu daga hutun kimanin makonni uku. Alamar wannan ciwo a bayyane take: ciwon jiki da kumburin da suka wuce misali, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Yaranmu idan suka ga haka sai su ce shawara ce, su nufi kemis su sayi maganin ciwon jiki. Irin waɗannan magunguna kuwa, kamar Diclofenac da Ibuprofen, ƙara wa ƙoda nauyi suke yi idan jiki babu ruwa. Duk wanda ya san abin da wankin ƙoda ke ci a mako ya san wannan ba ciwon ɗan talaka ba ne.

Na huɗu shi ne zuciya, kuma a nan ba ma buƙatar aron labari daga waje. Manya a cikinmu suna tuna ranar 12 ga Agustan 1989, lokacin da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana tsakiyar karawa da Angola. Na kusa-kusa kuma shi ne ranar 8 ga Maris ɗin 2020 a Lafiya, a wasan da ƙungiyarmu ta Katsina United ta buga da Nasarawa United, inda Chineme Martins ya faɗi a fili. Rahotanni sun nuna cewa motar ɗaukar marasa lafiya da aka ajiye a filin ta ƙi tashi, sai a wata motar aka kai shi asibiti, ya kuma riga mu gidan gaskiya. Bayan wata goma sha biyar, ranar 12 ga Yunin 2021, Christian Eriksen na Denmak ya faɗi irin wannan faɗuwa a gaban idon duniya. Cikin mintoci aka shiga danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi, bayan watanni ya koma taka leda a Ingila. Idan haka ta faru a wasan babbar gasar ƙasa a Lafiya, mai karatu ya auna da kansa abin da zai faru a filin atisaye a Baure ranar Talata da rana tsaka.

Sai kuma abin da muka ƙara wa kanmu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu samari suna haɗiyar Tramadol ko su ɗirki lemukan ƙara kuzari kafin su shiga fili, wai don kada su gaji. Gajiya kuwa ƙararrawa ce da Allah Ya sanya wa jiki, wanda ya kashe ta ya kashe mai gadinsa. Tun daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta Tramadol a lokacin gasa. Akwai kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar jiya, yau ya fito atisaye don tsoron kada a ba wani rigarsa. Akwai wanda ya fito da kofin koko kaɗai a cikinsa tun safe.

Na san abin da wasu masu horarwa za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Yawancinsu sa-kai suke yi, daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da riguna, kuma sun raba yara da yawa da zaman majalisa da shaye-shaye. Za su ce ƙwallo ba wasan lalaci ba ce, wanda yake mafarkin bin sahun Ahmed Musa daga Kano Pillars zuwa Turai dole ya sha wuya. Gaskiya ne. Sai dai wuyar da ke gina jiki ita ce wadda ake ƙarawa kaɗan-kaɗan, a ba jiki barci da abinci ya ɗinke abin da ya yage. Masana sun tabbatar cewa jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Abin da aka rasa a hutun wata guda ba ya dawowa a yini biyu, ko da an yi tsallen kwaɗo daga Daura zuwa Kongolam. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan ilimi ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Manominmu da asuba yake fita gona, idan hantsi ya dubi ludayi rana ta take sai ya nemi gindin bishiya ya sha fura, ba ya komawa sai ta yi sanyi. Mai shanun huɗa ba ya ɗaura musu garma da tsakar rana, kuma ba ya ɗora wa ɗan maraƙi aikin bijimi. Masu kula da dawakin hawan sallah sun san dokin da ya daɗe a turke ba a sukuwa da shi ranar farko. Kokawa da dambe kuwa da kaka aka san su, bayan an cika rumbu, da yamma ko da dare. Abin kunya ne a ce muna tausaya wa sa da doki fiye da yadda muke tausaya wa ɗan mutum.

Wasu kuma za su ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi, kuma wanda aka damƙa wa amanar ɗan wani za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Direban da ya san burkinsa ya lalace ya kuma ɗebi fasinja, ba ya fakewa da ƙaddara a gaban alƙali.

To, mene ne abin yi? Akasarinsa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A daina atisaye daga hantsi zuwa la'asar a bazara, a mayar da shi bayan sallar asuba ko sakaliya. Bayan kowane dogon hutu, na azumi ne ko na jarrabawa ko na jinya, a ɗauki makon farko a matsayin na lallaɓa jiki, da rabin aikin da aka saba. Ko a Amurka, a 2003 NCAA ta wajabta kwanaki biyar na sabawa a farkon atisaye. A ajiye randa ko jarkar ruwa a bakin fili, kowa ya sha lokacin da ya so, a kuma tsaya shan ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20. FIFA da kanta ta shigo da hutun shan ruwa a Gasar Kofin Duniya ta 2014 a Brazil, ga ƙwararrun da suka fi kowa horo. A bar hukunta yaro da gudu ko tsallen kwaɗo don ya makara. A hana shi buga wasa ɗaya, zai fi jin zafin wannan. Mai zazzaɓi ya zauna a gida. Mai azumi kuma a bar masa atisaye mai nauyi sai bayan buɗa-baki.

Kowane ɗan wasa ya yi gwajin jini ya san ko AA ne ko AS, mai horarwa ya rubuta ya ajiye. Kada wannan ya zama dalilin korar kowa daga ƙungiya. Amfaninsa shi ne a bar mai AS ya riƙa numfasawa tsakanin gudu da gudu, kuma idan ya ce ƙafarsa ta mutu a gaskata shi nan take. Duk yaron da ya taɓa suma a fili, ko yake jin ciwon ƙirji idan yana gudu, ko aka taɓa samun matashin da ya mutu fuju'a a danginsu, likita ya duba zuciyarsa kafin ya sake ɗaura takalmi.

Idan kuma yaro ya faɗi, mintocin farko su ne komai. Wanda jikinsa ya yi zafi rau yana sambatu, a kai shi inuwa, a tsoma shi a ruwan sanyi ko a yi ta kwarara masa, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a fara sanyaya shi kafin a ɗauke shi, domin wanda aka sauke wa zafi cikin minti 30 kusan kullum yana rayuwa. Wanda kuwa ya faɗi babu motsi babu numfashi, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya: a kwantar da shi rigingine a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ɗura masa ruwa a baki da cusa masa cokali da taruwa a kansa ana salati babu mai taɓa shi, duk ɓata lokaci ne.

Daura ta yau tana da abin da za ta yi wannan aiki da shi. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, akwai makarantar koyon aikin lafiya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da Kwalejin Yusuf Bala Usman, waɗanda ɗalibansu ke buga ƙwallo, kuma alhakin lafiyarsu yana kan hukumomin makarantun. Me zai hana ƙananan hukumomi biyar na masarautar su haɗa masu horarwa wuri ɗaya sau ɗaya a shekara, likitoci su koya musu taimakon gaggawa na yini guda? Me zai hana hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta ce babu ƙungiyar da za a yi wa rajistar gasa sai ta kawo shaidar wannan horo da takardun gwajin 'yan wasanta? 'Yan siyasar da ke sa kofi da sunansu, su cire kuɗin baho da ƙanƙara da ma'aikacin lafiya daga cikin abin da suke kashewa a ranar rufe gasa. Masarauta kuma, wadda maganarta ke isa inda takardar gwamnati ba ta isa, kalma ɗaya daga fada zuwa ga hakimai da masu unguwanni za ta wadatar a daina ganin yara suna zagaye fili da ƙarfe biyun rana.

Iyaye, ku ma da sauran aiki a gabanku. Yaron da ya dawo gida ya kasa cin tuwo, ya kasa hawa katifa, a tambaye shi abin da aka sa shi, a kuma tambaye shi launin fitsarinsa ba tare da jin nauyi ba. Ku kuma samari, ku sani cewa faɗin "na gaji" ba ragwantaka ba ce. Kocin da zai kore ka don ka nemi ruwa bai cancanci guminka ba.

Na sake bi ta filin nan bayan kwana biyu, na hango yaron da ya faɗi yana cikin masu gudu, ranar tana nan yadda take, jarkar ruwa kuwa babu. Wannan karon Allah Ya kiyaye. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba masu riƙe da amanarsu ikon sauke ta. Mu haɗu a mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.